Tuban Muzuru da Tuban Zakka

'Yan'uwa cikin Almasihu, ku buɗe Luka sura 3 da sura 19, mu yi nazari a kan tuba.

Mutanen Gobir, wajen Sabon Birni da Isa, sun ji kalmar nan "tubabbe" har ta gundure su. Sun sha wuya a hannun 'yan bindiga masu kore shanu da ɗora wa ƙauyuka haraji. A watan Disamba na 2021 har matafiya aka ƙone cikin mota a ƙasar Sabon Birni. Maƙwabtansu na Katsina sun gwada sulhu a 2016, suka sake a 2019. Waɗansu suka ajiye bindigogi a gaban jama'a, aka ce sun tuba. Amma a 2020 Gwamna Aminu Bello Masari ya ce sun ci amana. Wannan shi ne tuban muzuru, kaza a baki.

Kada mu tsaya ga laifin waɗansu, gama muzurun nan yakan shigo ɗakin sujada ranar Lahadi. Ga alamu uku na tuban gaskiya.

1. Mai-tuba yana ambaton zunubinsa da suna. Sa'anda masu-karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Mai-baftisma, ya nuna wa kowa nasa: kada mai-haraji ya karɓi abin da ya wuce ƙa'ida, kada soja ya yi ƙwace. Naka fa? Ƙaramin mudu ne a kasuwa, ko cin iyakar gona, ko tsegumi?

2. Mai-tuba yana mayar da abin da ya ƙwace. Zakka shugaban masu-karɓar haraji ne a Yariko. Da Yesu ya shiga gidansa, sai ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa wanda ya zalunta riɓi huɗu. A ranar nan Ubangiji ya shaida ceto ya shigo gidan. Ba kuɗin Zakka ya saye cetonsa ba. Alherin Yesu ne ya fara, mayarwa ta biyo baya.

3. Mai-tuba ba ya ɓoye guzurin komawa. Wanda ya miƙa tsohuwar bindiga ya binne sabuwa a daji yana da niyyar komawa. Haka nan mai-bi wanda ya bar giya amma bai bar zama a mashaya ba. Ikon tsayawa daga wurin Ruhu Mai-tsarki yake, sai mu roƙe shi kullayaumin.

Tuba kuwa sujada ce. Cikin Matta sura 5 Yesu ya koya mana mu bar baikonmu tukuna, mu je mu shirya da ɗan'uwan da muka yi wa laifi. Saboda haka kafin Jibin Ubangiji mai-zuwa, bari kowa ya tambayi kansa: kazar wa ke bakina? Ka tafi ka mayar masa cikin makon nan.

Mu yi addu'a kuma domin mutanen Sabon Birni da Isa, Allah shi ba su salama, shi ba masu-zaluntarsu tuba irin na Zakka.