Shinge Mai Rai

A zangon da ya wuce aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare kusa da Bukuru. Ni da 'yan aji biyar muka yi lambu, muka shuka kabeji da tumatir, muka kewaye shi da dangar kara. Kafin wata biyu gara ta cinye gindin dangar, iska ta kayar da ita, awaki suka shiga da dare suka share kome. Da safe na iske wani yaro tsaye a bakin kunyarsa yana kuka. Tun ran nan na shiga neman shingen da ba ya mutuwa.

A cikin wani littafin lambu na ga itacen da Turawa ke kira ceri lorel. Asalinsa ƙasashen bakin Bahar Aswad ne, wajen Turkiyya. Ganyensa mai kauri ne, mai sheƙi, ba ya kakkaɓewa, shi ya sa mutanen Ingila ke jera shi su kāre gidajensu daga idon masu wucewa. Na ce a raina, tun da Jos tudu ce mai ƙafa 4,000, ga sanyi, me zai hana? Amma da na ci gaba da karatu sai jikina ya yi sanyi. Ganyensa yana da dafi irin na rogo mai ɗaci, yana kashe dabba. Yana kuma bazuwa cikin kurmi ya danne itatuwan ƙasa, har ƙasar Suwizalan ta hana sayar da shi a 2024.

Na kai kukana wurin wani tsoho Birom mai gona a bayan makaranta. Na ce, "Baba, da me zan tsare lambun nan?" Ya nuna mini ƙeranar da ta kewaye gonarsa, ya ce, "Ɗana, kakana ya dasa wannan." Ashe da ita Birom suka riƙa kewaye gidaje da gonaki tun zamanin hare-hare, gama doki ba ya keta ta, balle akuya.

Ga yadda ya koya mini. A sari rassa masu tsawon ƙafa biyu a ƙarshen rani, wajen watan Maris. A ajiye su a inuwa kwana bakwai, bakin saran ya bushe. Sa'an nan a haƙa rami dogo mai zurfin inci shida, a jera su kusa da juna, a taka ƙasa da kyau. Kada a yi ta ba su ruwa, gama ruɓewa za su yi. Ruwan Afrilu ya ishe su. Dangar kara kuwa a bar ta tukuna, sai shingen ya haɗe.

Amma a lura, ƙerana ma tana da nata haɗari. Farin ruwan da ke fita in an sare ta yana ƙona fata, in ya shiga ido yana iya makantarwa. Saboda haka malami ne zai yi saran, ba yara ba. In ya taɓa ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a tafi asibiti nan da nan. Mu dai can bayan lambu muka dasa ta, inda awaki ke shigowa. Gefen da yara ke wasa kuwa muka sa lalle da damina, muna yi masa aski don ya yi duhu.

'Yan'uwana ɗalibai, gobe kowannenmu zai sami makarantarsa da lambunta. Kafin ka nemi itacen wata ƙasa, ka zaga ƙauyen ka ga abin da tsofaffi ke shinge da shi, ka tambaye su. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.