Kafin ka ba da kafin alƙalami a kan gidan bakin teku

Duk shekara idan zafin Maris da Afrilu ya sauka a Mora, duwatsun Mandara suka riƙe zafi har tsakar dare, sai maganar gidan hutu ta taso a majalisun 'yan kasuwarmu. Da can Gaundare ake ambata saboda sanyinta. Yanzu Kiribi ce a bakin kowa, musamman tun da tashar manyan jiragen ruwa ta Mboro ta fara aiki a 2018, filayen yankin suka yi daraja. Wasu ma idonsu ya tsallake teku: dillalai na turo musu hotunan gidaje a tsibirin Saifurus ta WhatsApp, da tafkin wanka da baranda mai kallon Bahar Rum, wai a biya kaɗan-kaɗan.

Ni ɗan Mora ne, aikina kuma a ofishin noter yake, inda ake rubuta cinikin fili da gida. Abin da ke ci mini rai shi ne akasarin mutanenmu ba sa zuwa wurinmu sai bayan kuɗi sun riga sun fita. Alhaji, Hajiya, ku ba ni hankalinku kaɗan.

A gida mun san yadda muke ciniki. A kira bulama ko lawan, a kawo shaidu, a zaga iyaka, a yi addu'a, a rubuta 'yar takarda. Wannan tsari yana riƙe mu ne domin kowa ya san kowa. Wanda ya sayar maka zai haɗu da kai a masallacin Juma'a, ba zai iya sayar wa wani gobe ba tare da gari ya ji ba. A Kiribi babu wanda ya san kakanka. Kafin ka isa can sai ka bi Marwa da Garwa, ka kama jirgin ƙasa a Gaundare, ka sauka Yawunde, ka bi ta Edeya. Mai nisa irin wannan, takarda ce kaɗai mai gadinsa.

Ba kowace takarda ba kuma. Dokar filaye ta Kamaru, mai lamba 74-1 ta 6 ga Yuli 1974, ta fito fili a sashe na 8: duk cinikin fili ko gida da ba a yi shi gaban noter ba, ba ciniki ba ne a idon hukuma. Haka ma sayar da filin da ba a yi masa rajista da sunan mai sayarwa ba. Shaidar mallaka guda ce, ita ce titir fonsiye. Takardar da sarkin ƙauye ya buga wa hatimi, wadda ke cewa dangi sun sallama haƙƙinsu na gargajiya, na sha ganinta a hannun mutanenmu an naɗe ta a leda kamar layar tsari. Ba ta mallaka maka ko taku ɗaya. Iyakarta ta nuna cewa ka ba wani kuɗi.

Sai maganar bakin ruwan kansa, wanda shi ne abin da ke jan hankalin mai saye. Doka ta biyu ta wannan rana, mai lamba 74-2, ta sa gaɓar teku cikin dukiyar al'umma, tun daga inda ruwa ke kaiwa idan ya yi cikar ƙarshe, har mita 50 zuwa tudu. Wannan yanki ba a sayar da shi, kuma daɗewa a kansa ba ta mayar da shi naka. Wani ɗan kasuwar albasa ya taɓa kawo mini hoton filin da ya biya rabin kuɗinsa a hanyar Londji, yana murna wai igiyar ruwa na kusan taɓa iyakarsa. Abin da ya burge shi shi ne ainihin aibin filin. Da mai awo ya je ya ja ma'auni, mafi yawan wurin ya faɗa cikin mita hamsin ɗin nan, dillalin kuwa wayarsa ta daina shiga. Kada ganin otal-otal a bakin yashi ya ruɗe ka. Izinin zama na wucin gadi daban, mallaka daban.

Ko filin da ke da titir ma yana da nasa tarko. Yawancin filayen yankin na iyalan Batanga da Mabi ne, titir ɗaya kan ɗauki sunayen magada da dama. Ɗaya daga cikinsu ya sayar, sauran ba su sa hannu ba, bayan shekara biyu sammaci ya same ka a Mora. Akwai wanda aka jinginar a banki. Akwai wanda ya faɗa cikin yankin da gwamnati ta keɓe don aikin tashar jiragen ruwa da hanyoyinta. Duk waɗannan ba a ganinsu a kwafin da dillali zai nuna maka a waya. Ana ganinsu ne a babban littafin ofishin ajiyar rajistar filaye na yankin Océan, a can cikin Kiribi, ƙarƙashin ma'aikatar filaye, wato MINDCAF. Can za a nemo maka sabuwar takardar tabbatar da mallaka, wadda za ta nuna sunan mai filin a yau da duk wani bashi ko ƙara da ke kansa. Ni ba na karɓar wadda ta haura wata uku. Bayan ta, mai awo na hukuma ya je ya tabbatar turakun siminti suna inda taswira ta ce. Idan yanki za a yanka maka daga babban fili, a yi takardun rabawa har titir ya fito da sunanka. Kuɗi kuwa su bi ta hannun noter na can inda filin yake, shi zai riƙe su sai komai ya kammala. Na san ana ƙorafin kuɗin rajista da na noter. Suna da nauyi, gaskiya ne, amma ban taɓa ganin sun kai asarar wanda ya guje musu ba.

'Yan uwanmu na Banki da Maiduguri da Njamena su ƙara lura: wanda ba ɗan ƙasa ba, cinikinsa na buƙatar sa hannun ministan filaye, kuma doka ta hana shi saye a yankunan kan iyaka.

Na Saifurus kuwa, labari ɗaya ya isa. Tun 1974 tsibirin ya rabu biyu, Girkawa da yawa suka gudu daga arewa suka bar gonakinsu. Wasu Turawan Ingila, David Orams da matarsa Linda, suka sayi fili a Lapithos da ke arewacin tsibirin suka gina gidan hutu. Sai mai filin na asali, Meletis Apostolides, ya kai ƙara. Kotu a kudancin tsibirin ta ce su rushe gidan, su mayar da fili, su biya diyya. A 2009 Kotun Tarayyar Turai ta ce hukuncin na iya bin su har Ingila, a 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta can ta tabbatar, suka bar gidan. Waɗannan suna da lauyoyi na gani na faɗa. Masu haɗa gida da alkawarin fasfo kuma su sani Saifurus ta kudu ta rufe wannan shiri tun Nuwamba 2020, Sifen ma ta daina ba da izinin zama don sayen gida a Afrilu 2025.

A ce komai ya tafi daidai, gida ya zama naka. Saura riƙo. Ruwan saman Kiribi ya ninka na Mora fiye da sau uku, iskar teku kuma gishiri ne da ita: kwano ya yi tsatsa, ƙarfen taga ya ruɓe, bango ya yi gansakuka, duk a gidan da za ka kwana a ciki mako biyu ko uku a shekara. Ga albashin mai gadi, ga harajin fili, ga wuta da ruwa. Ka zauna da alƙalami ka haɗa kuɗin shekara guda, ka gwada da na kama ɗaki a otal kai da iyalinka. Wasu da na sa suka yi wannan lissafi sun fasa, wasu sun saya sun zuba 'yan haya daga ma'aikatan tashar, suka keɓe wa kansu ɗaki biyu.

Abu na ƙarshe ya shafi magada. Wasu kan sa sunan ƙane ko yaron shago a titir don gudun zirga-zirga, wasu kan ɓoye wa iyali cewa sun saya. Ranar da ta Allah ta kasance, hukuma sunan da ke cikin littafi take gani, malamin da zai raba gado kuma ba ya raba abin da ba a sani ba. Ka sa sunanka. Idan ba za ka iya zuwa ba, ka ba da wakilci a rubuce gaban noter a Marwa, na wannan ciniki kaɗai, da lambar titir a jiki. Kwafi ɗaya ya zauna wurin uwargida, ɗaya wurin babban ɗanka ko wani amintacce da ya san hanyar Kiribi.