DARASIN WATA: Ƙidayar Hayaƙi a Ƙananan Hukumomi da Masu Taimaka Musu

Manomi ya san damina ta canza. Wata shekara ruwa ya makara, wata shekara kuma ya yi yawa har ya cinye gonaki. Masana sun ce babban dalili shi ne duniya tana ƙara zafi. Abin da ke kawo zafin kuwa wata irin iska ce da ke taruwa a sama. Tana rufe duniya kamar bargo, ta hana zafin rana fita.

DAGA INA ISKAR KE FITOWA?

1. Iskar kabon: daga ƙona fetur, man dizal, kananzir, gawayi da daji.
2. Iskar metan: daga juji, da gyatsar shanu, da gonar shinkafa mai kwanciyar ruwa.
3. Wata iska kuma tana tashi daga takin zamani bayan an zuba shi a gona.

A shekarar 2015 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a birnin Faris na Faransa cewa za su rage wannan iska. Najeriya ta sa hannu. A 2021 kuma ta kafa dokar sauyin yanayi. To, amma motoci da juji da kasuwanni suna cikin garuruwa ne. Shi ya sa ake so hukumar kowane gari ta san yawan iskar da ke fita daga yankinta, ta rubuta rahoto.

YAYA AKE ƘIDAYAR?

Ba a kama hayaƙi a zuba a mudu. Abin da aka ƙona shi ake ƙirgawa. Lita ɗaya ta fetur tana fitar da iskar kabon wajen kilo 2 da ɗigo 3. Ke nan injin ban-ruwa da ya sha lita 100 ya fitar da kilo 230. Haka ake lissafa man motoci, itacen girki, shara da yawan dabbobi. Sai a tara jimla da ma'aunin tan. Tan ɗaya shi ne kilo 1,000, wato nauyin buhun taki 20.

SU WA KE TAIMAKAWA?

Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Yawancinsu ba su da ma'aikacin da ya koyi wannan lissafi. Saboda haka akwai ƙungiyoyin waje masu taimaka wa hukumomin garuruwa:

ICLEI: ƙungiyar ƙananan hukumomi ce ta duniya. An kafa ta a 1990. Hedikwatarta tana birnin Bon na Jamus.

C40: ƙungiyar manyan birane ce. An kafa ta a Landan a 2005. Legas tana cikinta.

CDP: ita ke karɓar rahotanni ta intanet tana adana su.

Akwai kuma Alkawarin Shugabannin Garuruwa na Afirka, wanda Tarayyar Turai ta fara da kuɗinta a 2015. Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja da garin Garwa na Kamaru suna cikin waɗanda suka shiga.

Taimakon iri uku ne. Na farko, ma'auni ɗaya. A 2014 aka fito da ƙa'idar lissafi guda domin garuruwan duniya, kamar yadda 'yan kasuwa kan yarda da mudu ɗaya. Na biyu, horar da ma'aikata. Na uku, kuɗin yin bincike.

ME AKA GANO?

Da taimakon C40, Legas ta ƙidaya iskar da ta fitar a 2015. An samu tan miliyan 26 da ɗoriya. Fiye da rabi ya fito ne daga wutar gidaje da masana'antu, musamman janareto. Kashi ɗaya cikin huɗu daga shara. Kashi ɗaya cikin biyar daga sufuri.

A Akra, babban birnin Gana, shara ce ta zo ta farko, ta wuce motoci. Da ba a ƙirga ba, da sai a ɗora wa motoci laifin duka. Sai an san ciwo ake samun magani. Haka kuma masu ba da tallafin gyaran juji ko wutar sola sukan nemi ganin lissafi kafin su saki kuɗi.

INA RUWAN MUTUMIN KARKARA?

Baƙo yana iya kawo ma'auni da kwamfuta, amma bai san damin itace nawa gida ke ƙonawa a mako ba. Uwargida ce ta sani. Makiyayi ne ya san yawan shanunsa. Wasu kan ɓoye gaskiya don tunawa da jangali. Wannan ƙidaya daban take da ta haraji. Idan aka ba da amsar ƙarya, rahoto ya lalace, taimako kuma yana iya tafiya inda ba a buƙata.

Duk da haka, jama'a suna da haƙƙin su nemi ganin takardar shaidar mai tambaya, su kuma ji ta bakin dagaci ko kansila. Yana da kyau su tambayi hukumarsu abu biyu: 'yan gida nawa aka horar, kuma yaushe za a karanta wa jama'a sakamako? Baƙo raɓa ne. Idan ya tafi da ilimin a jakarsa, baɗi sai a koma gidan jiya.

TAMBAYOYI

1. Kawo abu uku da ke fitar da iska mai ɗumama duniya.
2. Babur ya sha fetur lita 10. Kilo nawa na iskar kabon ya fitar?
3. Wane abu ne ya zo na farko a Akra?
4. Ku tattauna a aji: me ya fi fitar da hayaƙi a ƙauyenku?