Tsohuwar Land Rover da Yadda A Ke Neman Ciwonta

Mutanenmu na kiranta Landiroba. Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Gwari da na Koro da ke kewaye da Suleja da damina ya san dalilin da ya sa har yanzu a kan ga ɗaya ko biyu suna numfashi, ko da ya ke sa'o'insu sun daɗe da zama tukwane a hannun maƙera. Da zarar ka sauka daga kwalta wajen Izom ko Lambata, ka nufi gonakin doya, sai jar laka da kwazazzabai da rafuffukan da ba gada. Nan ne ƙaramar mota ta kan tsaya, tsohuwa ta wuce.

An fara nuna irin wannan mota a birnin Amsterdam ran 30 ga Afrilu 1948. Kamfanin Rover na Ingila ya ƙera ta a Solihull, bisa shawarar injiniyansu Maurice Wilks, domin manoma. Tun da ya ke ƙarfe ya yi wuya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai suka yi gangar jikinta da alminiyam, suka bar ƙarfe ga shasi, watau ƙashin bayan da ke ɗauke da kome. Samfuri na biyu ya fito a 1958, wanda a ke kira IIA a 1961, na uku kuwa daga 1971 har 1985. Wadda na sani ciki da waje ta kawuna ce, doguwar IIA mai injin fetur lita 2¼, ƙirar 1964. Sa'ad da aka ƙera ta sunan garin nan Abuja, Sarki Sulaimanu Barau na bisa gado. Sai bayan dokar 1976 da ta kafa sabon babban birni aka ɗauke sunan, garin ya zama Suleja. Sitiyarinta ma na dama ne, gama sai ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Ni ne karenta kowane hutu tun ina ɗan shekara goma sha biyu.

Abin da na ke so mu duba shi ne wannan. Motar zamani in ta ƙi tashi sai an jona mata kwamfuta ta faɗi abin da ke damunta. Wannan kuwa ba abin da ta ɓoye. Mai ido da kunne da hanci, in ya bi abu daki daki, ya fara da na kusa mai araha kafin ya taɓa na nesa mai tsada, zai kama ciwon da kansa. Yawancin kuɗin da masu irinta ke ɓatarwa ba tsufanta ke ci ba, gaggawar sauya kaya ce tun ba a san laifinsu ba.

To, ga ta ta ƙi tashi da safe. Tambaya ta fari: injin yana juyawa, ko kuwa shiru? In shiru ne, ko ka ji ƙas ƙas kaɗai, kada ka ce batir ya mutu tukuna. Duba kawunansa, ko farin gari ya taru a kansu, ka kankare, ka ɗaure. Duba kuma kaurin wayar nan da ta tafi jikin shasi. A nan akwai tarko. Waɗanda aka ƙera kafin 1967, kan batir mai alamar tarawa shi a ke haɗawa da jikin mota, saɓanin motocin yanzu. An juya wa da yawa daga baya, amma ba duka ba, saboda haka a duba kafin yaro ya ɗaura sabon batir ko abin cajin waya bisa ga yadda ya saba. In batir ya yi sanyi da gaske, akwai ƙarfen wani da a ke zurawa ta gaba a juya injin da hannu. Babban yatsa ya zauna gefe guda da sauran yatsu, kada ya zagaye ƙarfen, gama injin ya kan yi harbi baya ya karya shi.

In yana juyawa amma bai kama ba, abu uku ne injin fetur ke bukata: wuta, da mai, da iska. Fara da wuta, don ita ce mai saurin gwadawa. Zare wayar fulogi ɗaya, ka riƙe ta da busasshen ice kamar rubu'in inci daga jikin injin, wani ya juya. Tartsatsi shuɗi mai ƙara, wuta lafiya lau. Ja mai rauni, ko babu sam, sai ka buɗe murfin mai rabon wuta, wanda makanikai ke ce wa distirbuta. Da damina raɓa ta kan kwana a cikinsa, tsumma busasshe kaɗai ya isa magani. A ciki akwai kwantak, 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa. In sun buɗe iyaka, tsakaninsu ya zama wajen inci 0.015. In sun yi baƙi a goge, in sun matse a buɗa. Wanda ya zare wayoyin fulogi huɗu gaba ɗaya kuwa, ya tuna wuta tana bin silinda 1, 3, 4, 2, a ƙirga daga gaba wajen fanka.

Wajen mai, masu ƙirar sun yi mana alheri. Ƙarƙashin famfon mai akwai ɗan kofin gilashi wanda fetur ke ratsawa. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka in akwai shi za ka gan shi kwance a ƙasa, da yashi da tsatsar tanki. Mai sayen mai a jarka wurin 'yan bumburutu ya riƙa leƙa kofin nan kullum. A jikin famfon kuma akwai ɗan hannu da a ke dannawa a tura mai zuwa kafireta ba tare da an ta da injin ba. Kwance bututun a bakin kafireta, ka danna: in mai ya yi tsartuwa, daga tanki zuwa nan ba laifi. Ba a yin wannan kusa da mai shan taba, ko sa'ad da a ke gwajin tartsatsi.

Iska kuwa ta cikin wata tukunya mai baƙin mai a gindinta ta ke bi, ƙura ta maƙale a man. Da hunturu, in an yi mako biyu a kan hanyar ƙasa, man nan ya kan zama kunu. Sai injin ya shaƙe, hayaƙi ya yi baƙi, mai ya riƙa ƙarewa kamar ana zubarwa. A wanke tukunyar, a zuba sabo daidai zanen da ke jikinta. Fulogi ma shaida ne: in bakinsa ruwan ƙasa ne, lafiya, baƙi mai gari, mai ya fi iska yawa, baƙi mai maiƙo, zobban fistin sun gaji, fari fat, mai ya kasa ko zafi ya yi yawa.

Ciwon da ya fi ruɗa mutane shi ne wanda ke zuwa ya tafi. Bara waccan motar kawuna ta kama wani hali: ta tashi sumul, ta yi kamar rabin sa'a tana tafiya, ta yi tari, ta mutu. A jira kaɗan, ta tashi kamar ba ita ba. Wani makanike ya ce kafireta ce, aka sayo wata, kuɗin doya kwarya guda ya tafi, hali bai sake ba. Alhali abu uku ne ke kawo irin wannan, kuma kowanne da gwajinsa na kyauta, muddin an yi shi nan take sa'ad da ta mutu, kafin ta huce. Na ɗaya, kwayil ko kwandansa da ke gazawa in sun yi zafi: gwada tartsatsi, in babu, su ne. Na biyu, fetur da ke tafasa cikin bututu da zafin bazara: ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon mai, in ta tashi, shi ne. Na uku, tanki ya rasa mashigar iska: buɗe murfinsa ka saurara. Muka buɗe, sai muka ji fuuu, iska ta faɗa ciki. Laka ce ta toshe 'yar kafar da ke jikin murfin, famfo yana ja, ba abin da ke maye gurbin man, har ya kasa. Da tsinken tsintsiya aka gyara. Tsohuwar kafiretar tana nan cikin buhu, lafiyarta ƙalau.

Zafin injin ba sai na daɗe a kansa ba. Fanbel in ka danna tsakiyarsa kada ya lotsa fiye da kamar rabin inci. Bayan damina 'ya'yan ciyawa su kan cika saƙar lagireto, a wanke daga baya zuwa gaba. Kada a buɗe murfinsa yana tafasa. In baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko ka ga kumfa na tasowa a lagireto, gasket ya ƙone, wannan aikin gareji ne.

Yanzu ga abin da ya raba ta da sauran motoci. Ban da sandar giya, akwai ƙulli rawaya da sanda mai jan kai. A kan kwalta ƙafafun baya kaɗai ke tura ta. In ka danna rawaya ƙasa, na gaba ma sun kama aiki, abin da direbobi ke kira sa oziliri. In ka tsaya ka jawo ja baya, ƙafa huɗu na aiki, gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru, domin hawan dutse da taɓo mai zurfi. Rawaya ba a fizge ta sama da hannu. Sai ka jawo ja baya ka mai da ita gaba, rawaya ta tashi da kanta.

Me ya sa a ke hana barin oziliri a kan kwalta? Wannan darasin lissafi ne, har na yi shi da 'yan aji biyar lokacin gwajin koyarwa. Na sa suka tura keke cikin rairayi suka yi kwana, suka auna sawun ƙafar gaba da ta baya da igiya. Na gaba ya fi tsawo. To, a wannan mota in an sa oziliri, gaba da baya an ɗaure su dole su juya daidai wa daida. A laka ƙafa ta kan ɗan zame, bambancin ya fita. A kwalta ba zamewa, sai ƙarafan ciki su riƙa murɗuwa, sitiyari ya yi nauyi, taya ta ci, ƙarshe wani abu ya karye. Yaran sun gane cikin minti goma abin da na ga manyan direbobi suna gardama a kansa.

Abin da ya kan karye shi ne sandar da ke juya ƙafar baya daga cikin aksil. Alamarsa ba ta ɓuya: ka ji ƙarar fas, injin na ruri, giya na ciki, mota ba ta motsi. Danna rawaya. In ta tafi, ciwon yana baya, ƙafafun gaba kuwa za su fid da kai daga rafin. Amma kafin tafiya mai nisa a zare karyayyen, don gutsattsarinsa kada su tauna haƙoran ciki. A nan ina roƙon a kula ƙwarai. Birkin hannu na wannan mota ba ƙafafu ya ke kamawa ba, farfelar da ke bayan giya ya ke riƙewa. In sandar baya ta karye, ko ka ɗaga ƙafar baya ɗaya da jak, birkin nan ba ya hana ta gangarawa. A sa duwatsu gaba da bayan taya kafin kowa ya shiga ƙarƙashi.

Masu irinta su kan yi dariya su ce in ta daina ɗigar mai to man ne ya ƙare. Ni ban yarda a sake jiki da wannan ba. Giya, da akwatin oziliri, da aksil biyu, da ƙwallayen nan biyu na ƙafafun gaba, kowanne da mazubinsa, mai kauri lamba 90 su ke sha, a duba su kowane wata. Bisa kowane aksil akwai 'yar mashaƙar iska. In laka ta toshe ta, zafi ya kan tura mai waje ta bakin ƙafa, ya jiƙa birki, mota ta riƙa ja gefe guda. Sau da yawa a kan sauya robar bakin ƙafa har sau biyu ba a tuna da ita ba.

Mai niyyar saye kada kyan jiki ya ruɗe shi, gama alminiyam ba ya tsatsa irin ta ƙarfe. Ya shiga ƙarƙashi da ƙaramar guduma ya ƙwanƙwasa shasi tun daga gaba har gungumen baya, da wurin da sifirin ke kamawa, da inda direba ke ajiye ƙafa. Ƙarfe mai lafiya ya kan yi amo, ruɓaɓɓe ya yi bif. Ya sani kuma notinanta awon inci ne na Ingila, sufanun milimita na kasuwa su kan cinye musu kai. Ba kuwa mai ƙaramin ciki ba ce: da ƙyar ta ke yin mil ashirin da galan guda, tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023 kuwa kawuna ba ya fid da ita sai kaya sun isa kaya. Kayan gyaranta kuma sai an tona, wani lokaci har Fanteka ta Kaduna.

Saura maganar ƙetare ruwa. A sauka a taka rafin da ƙafa tukuna, a ga zurfinsa da gindinsa. In ya kai gwiwa a yi tunani, in yana gudu da ƙarfi a jira ya janye. A shiga da jan sanda, a hankali, ba tare da sauya giya a tsakiya ba. Bayan an haye birki ya jiƙe, ba ya kamawa, sai a yi 'yar tafiya ana taka shi sannu sannu har ya bushe kafin a kai gangara. Da an isa gida a kwance mazuban aksil a duba: in man ya yi fari, ruwa ya shiga, a zubar a sake tun a daren.