DARASIN UWARGIDA: YADDA ZA KI ZAUNA LAFIYA DA TUKUNYAR GAS

 Darasinmu na yau a kan gas ɗin girki ne, wanda ya raba mata da dama da hayaƙin itace da baƙin tukunya. To amma fa masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, shi ya sa ya kamata ki san halin abin da kika ajiye a madafinki.

Mene ne a cikin tukunyar?

Abin da ke ciki haɗin iska biyu ne, furofen da butan, waɗanda aka matse har suka zama ruwa. Lita ɗaya ta ruwan nan idan ta fita takan zama iska kimanin lita 250. Kin ga ke nan ɗan yoyo ba abin rainawa ba ne.

Asali gas ba shi da wari. Da gangan ake zuba masa wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai domin hanci ya gane shi. An ɗauki wannan darasi ne bayan gas ya fashe a wata makaranta a garin New London na jihar Texas a Amurka a 1937, inda kusan mutum 300 suka rasu, yawancinsu ɗalibai, saboda babu wanda ya ji warin komai.

Sannan gas ɗin girki ya fi iskar da muke shaƙa nauyi. Idan ya zuba ba sama yake yi ba, kwanciya yake a ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa har ya tarar da wuta.

Wajen saye da ajiya

1. Duba shekarar da aka ƙera tukunyar a jikinta. Hukumar kula da ingancin kaya ta Nijeriya, wato SON, ta sa shekara 15 a matsayin iyakar rayuwar tukunya. Mai tsatsa ko lotsawa kuwa, kada ki karɓa ko da kyauta ce.

2. Kada ki yarda a cika miki ita taf. Ana barin sarari kamar kashi 15 zuwa 20 cikin 100, domin ruwan yana kumbura idan ya ji zafi. Mai kilo 12.5 kada a ɗura mata fiye da haka da sunan gyara.

3. A tsaye ake ɗaukarta, a tsaye ake ajiye ta, a inuwa mai iska, nesa da kurfoti, risho da janareta. Kada a kai ta ɗakin kwana.

Gwajin kumfa

Duk lokacin da aka ɗuro gas, ki kaɗa sabulu ko omo a ruwa, ki shafa kumfar a bakin tukunya, da regileta, da duk inda tiyo ya haɗu da ƙarfe. Idan kumfar tana kumbura tana tsiro, akwai yoyo. Don Allah 'yar'uwa, kada ki taɓa gwadawa da ashana. Tiyon da ya tsage ko ya bushe a sauya shi, ba a ɗaure shi da leda ko ƙyauro ba.

Lokacin girki

Ki fara ƙyasta ashana kafin ki murɗa makunni. Ki ɗaure gyalenki ko hijabinki, musamman mai santsi, don nan da nan yake kamawa. Ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6 da ake ɗora girki a kanta, kada ki aza mata ƙatuwar tukunyar tuwon suna, tana iya kifewa.

Ki lura da launin wuta. Shuɗiya ita ce lafiyayya. Idan ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta gindin tukunya, gas ɗin ba ya ƙonewa sosai, kuma yana iya fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Alamarta ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Don haka taga a buɗe ko da sanyin hunturu. In kin gama, ki rufe daga kan tukunya, sannan ki kashe murhun.

Idan kin ji wari

Kada ki kunna fitila, kada kuma ki kashe wadda ke kunne, domin ɗan tartsatsin makunni ya isa ya tayar da gobara. Ki rufe tukunyar, ki buɗe ƙofa da tagogi, ki fitar da yara. Sai kin fita waje za ki yi waya, ki kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112.

Idan wani ya ƙone, a sa wurin a ruwa mai sanyi yana kwarara har minti 20, sannan a wuce asibiti. Ban da manja, ƙwai ko man goge baki.

Uwargida, kada ki bar wannan ilimi a cikinki. Ki zaunar da 'yan matanki da mai aikinki ki nuna musu a aikace, maigida ma a sanar da shi. Allah Ya kiyashe mu da iyalanmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.