Kafin Ka Biya Kuɗin Tambari: Shawara Kan Peugeot 406 Mai Ƙofa Biyu

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wani matashi manomin shinkafa a Tudun Wada. Ya ce Allah Ya sa wa damina albarka, ya fitar da zakka, ya biya bashin taki, sai ransa ya biya da wata Peugeot 406 mai ƙofa biyu da wani dillali ya nuna masa a Kano. Dillalin ya ce masa wannan ba irin sauran ba ce, ta musamman ce da kamfani ya yi 'yan ƙalilan, sunanta Ultima Edizione. Ya nuna masa tambarin Pininfarina a gefenta a matsayin shaida, sannan ya ɗora kuɗi mai kauri a kan farashin da aka saba. Matashin yana so ya san ko maganar gaskiya ce, kuma ko motar za ta iya masa zirga-zirga tsakanin gida da Kwanar Ɗangora da Doguwa, inda surukansa suke.

Ƙanena, Allah Ya ƙara albarka a noma. Bari mu fara da tambarin nan da aka nuna maka, domin a nan aka fara karkatar da kai. Duk wata 406 mai ƙofa biyu da ke duniya tana ɗauke da tambarin Pininfarina. Ba alamar ta musamman ba ce, sunan kamfanin Italiya ne da ya zana motar kuma ya haɗa ta a masana'antarsa ta San Giorgio Canavese, kusa da birnin Turin. Shi ne kamfanin da ya daɗe yana zana wa Ferrari motoci, shi ya sa kyanta yake ɗaukar ido. An fara nuna ta a bikin baje kolin motoci na Paris a 1996, ta shiga kasuwa a 1997, aka daina yin ta a 2004 bayan an ƙera sama da 107,000. Ko ɗaya daga cikinsu ba a haɗa a Kaduna ba.

Wannan magana ta ƙarshe tana da muhimmanci a gare mu. Mu a Arewa mun tashi da Peugeot ne saboda kamfanin PAN da ke Kakuri, wanda ya fara fitar da motoci a 1975. Daga 504 zuwa 505 zuwa 406, babu garin da za ka je tsakanin Bebeji da Riruwai ka rasa bakaniken da ya san cikinsu. Amma masu ƙofa huɗu da dogayen nan na haya da fikof muka sani. Ita kanta 504 tana da 'yar'uwa mai ƙofa biyu, ita ma zanen Pininfarina, wadda ta fito a 1969, aka sa mata injin V6 a 1974, har ta ci gasar Safari ta Kenya a 1978 a hannun direba Jean-Pierre Nicolas. Dattawa ƙalilan ne a ƙasar nan suka taɓa ganinta a titi. Haka 406 mai ƙofa biyu take a wurinmu: baƙuwa ce, ta hannu aka shigo da ita daga Turai. Idan ka ga an manna mata Prestige a baya, to daga jikin wata mai ƙofa huɗu ta Kaduna aka ɓamɓaro shi.

Yanzu ga yadda ta sauya cikin shekarunta. Da farko inji iri biyu aka sa mata: mai fulogi huɗu lita 2.0 da ƙarfin doki 135, da V6 mai fulogi shida lita 3.0 da ƙarfin doki 194. Waɗannan su ne kanikawa ke kira D8. A 1999 aka shiga zubin D9, aka kawo sabon injin EW10, aka kuma fara sauya tsarin wayoyi zuwa wanda na'urar BSI ke sarrafawa. Wajen 2000 aka ƙara wa V6 ƙarfi zuwa kimanin 210. A 2001 mai shan man dizal ta fito, wato 2.2 HDi, sai EW12 mai lita 2.2 da ƙarfin doki 160 ya biyo baya. A 2003 aka sauya mata bamban gaba, bakin ya ƙara faɗi. Sunayen darajar kayan ciki kuwa sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: a Faransa za ka ji Pack, daga baya Griffe, a Ingila kuma SE. Duk maganar kujerun fata ce da na'urar sanyi da rediyo da makamantansu.

Fitattun na musamman guda biyu ne. Settant'anni ta fito a 2000 don cikar Pininfarina shekara 70 da kafuwa, da injin V6 da fata ta musamman. Ultima Edizione kuwa ta bankwana ce, an yi ta a 2004, guda 2,000, kowace da lambarta a wani ɗan faranti a cikin motar. Abin da nake so ka riƙe shi ne, a duka biyun ba a ƙara wa injin komai ba. Fenti ne, fata ce, ƙafafun taya ne, da ɗan farantin lamba. A Faransa ko Jamus akwai masu tara tsofaffin motoci da za su biya kuɗi a kan wannan farantin, saboda motar na kwance a gareji, sai an yi rana mai kyau a fito da ita. Kai kuwa bayan shekara ashirin na zafin rana da ƙurar hunturu, fatar nan ta tsage ko an sake ta a wurin masu kushin, fentin kuma an yi masa feshi ba sau ɗaya ba. To me ya rage na musamman ɗin da za ka biya?

Duk da haka kana da haƙƙin sanin ko an yi maka ƙarya, domin wanda ya yi ƙarya a kan suna ba za a amince masa a kan inji ba. Hanyar ganewa tana cikin lambar casis, mai haruffa da alƙaluma 17. Ta 406 mai ƙofa biyu tana farawa da VF38C. Haruffa uku da ke biye su ne ke faɗa maka injin da aka haife ta da shi. RFV shi ne tsohon 2.0, RFR ko RFN shi ne EW10, 3FZ shi ne EW12, XFZ tsohon V6, XFX sabon V6, 4HX kuma mai dizal. Saboda haka in dillali ya rantse Ultima Edizione ce, ka duba ka ga RFV ko XFZ, magana ta ƙare, domin an daina sa waɗannan injinan shekaru kafin 2004. In ya ce Settant'anni ce, lambar kuma ta nuna mai fulogi huɗu, nan ma ta ƙare. Ka duba lambar a jikin ƙarfen motar, ka duba ta a farantin kamfani, ka duba ta a takardu, duka ukun su zo ɗaya. Sannan bakanikenka ya leƙa lambar da ke jikin injin kansa, saboda da yawa an sauya musu inji a nan gida. Sauya inji ba laifi ba ne in an yi aikin da kyau kuma an faɗa maka, amma yana rage daraja, ba ƙarawa yake ba.

Da an ce in zaɓi abu ɗaya da ya kamata ya hana ka barci kafin ciniki, ba tambari zan zaɓa ba, bodi zan zaɓa. A ƙarƙashi, motar 406 ce kamar kowace: inji, giya, yawancin kayan ƙafa, duk za ka same su a Ƙofar Ruwa, wasu ma a shagunan Tudun Wada. Amma a waje babu ƙofa ko bonet ko bamba ko fitila ko gilashi da take tarayya da mai ƙofa huɗu. Ranar da tunkiya ta faɗo maka a Yako ta fasa fitilar gaba, ko tsakuwa ta tashi daga tayar tifa ta tsaga gilashi, sai an yi cigiya a Kano da Kaduna, wani lokacin har Legas, kuma wanda ke da shi ya san ba ka da zaɓi. Na ga irin waɗannan motoci sun yi watanni a gareji da lafiyayyen inji, ana jiran fitilar baya guda ɗaya. Don haka ka zagaya ta da rana tsaka, ba da almuru ba. Ka ɗauki ɗan mayen ƙarfe ka bi jikinta da shi; inda ya ƙi kamawa, ciko aka yi aka rufe da fenti. Ka buɗe kowace ƙofa ka lura da gilashinta, wanda ba shi da firam a sama: ya kamata ya ɗan sauka da kansa in an buɗe, ya koma in an rufe. In ba ya yi, robar za ta ci, ruwan damina ya shiga, kuma ruwa a cikin D9 hanyar lalacewar wayoyi ce.

Sai maganar hanya. A kan titin Kano zuwa Zariya motar nan ba ta da na biyu wajen kwanciya da daɗin tuƙi, har ma abin tsoron shi ne ta ruɗe ka da gudu. Amma daga Kwanar Ɗangora ka karya ka nufi Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, lissafi ya sauya. An yi ta ƙasa-ƙasa fiye da mai ƙofa huɗu, hancinta kuma dogo ne. Tudun rage gudu na cikin garuruwa, da ramuka, da hanyoyin gona na burji a watan Agusta, duk bamban gabanta da kaskon baƙin mai suke nema. In za ka saya, ka sa a yi mata garkuwar ƙarfe a ƙarƙashin inji tun ranar farko. Kada ka yarda a ɗaga ta da dogayen sifirin na wata mota, domin abin da ya sa take riƙe titi a kwana shi za a lalata. Kuma dajin Falgore ba wurin da mutum zai so mota ta mutu masa ba ne, balle da yamma. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka fifita injin da kowane bakanike a yankinku ya iya.

A nan ra'ayina a fili yake. EW10 ko EW12 mai giyar hannu ita ce ta mutumin Tudun Wada. V6 tana da daɗin ji da daɗin ja, har da birkin Brembo a gaba, amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 shan manta ba wasa ba ne, kuma masu iya sauya mata tayimin bel yadda ya kamata ba su da yawa a wajen birni. Mai dizal ɗin kuwa ka bar ta. Tana da matatar hayaƙi a salansa da ke buƙatar wani ruwa na musamman da tsaftataccen mai, abubuwan da ba za ka dogara da samunsu a kan hanyar Saminaka ba. Giyar otomatik ta AL4 da ke kan yawancin masu fulogi huɗu tana son ainihin manta da mai gyara da ya san ta. In a gwajin tuƙi ka ji ta buga da ƙarfi ta maƙale a giya ta uku, ka mayar da makulli.

Ko wace ka ɗauka, ka ware kuɗin tayimin bel da famfon ruwa ka sauya su kafin ka fara doguwar tafiya, ko da mai ita ya ce jiya aka sa, domin in bel ɗin ya tsinke bawul-bawul ne za su lanƙwashe. Ka duba ko an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, al'adar da ta yi yawa a garejojinmu. Sau da yawa wata cutar zafi ake ɓoyewa da ita. A sa mata kwamfuta a gabanka, a garejin da kai ka zaɓa, ba wanda dillali ya kai ka ba. Ka kuma leƙa ƙarƙashin dashbod da bangon inji ko akwai alamar walda da yanka. Waɗanda aka yi wa Ingila sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama na titi, don haka akan juya musu sitiyari bayan an shigo da su. Motar da aka yi wa wannan aikin ko kyauta ce ban ba ka shawarar ɗaukar iyalinka a ciki ba.

Takardu kuma kada a ce maka za a kawo gobe. Takardar kwastam, da ta mallaka, da yarjejeniyar ciniki mai shaidu, duk su kasance a hannunka kafin kuɗi ya bar naka. Mafi ƙuruciya a cikin motocin nan ta haura shekara ashirin, ta wuce iyakar shekarun da kwastam ke yarda a shigo da mota, saboda haka wanda ya ce maka sabuwar saukowa ce daga Kwatano sai ya yi bayanin ta inda ta bi.

Akwai tambayar da ba ka yi ba, amma ya kamata ka yi wa kanka. Ita kaɗai za ta zama motar gidan? Mutum huɗu take ɗauka, kuma shiga baya sai an kwantar da kujerar gaba an sunkuya. Ka tuna ranar da za ka ɗauki Hajiya zuwa asibiti, ko gaisuwar surukai da mai ɗakinka da goyo, ko buhu biyu na iri da taki. In ita kaɗai ce, mai ƙofa huɗu ko doguwar 406 mai irin wannan injin za ta yi maka hidimar da wannan ba za ta iya ba, a kuɗin da bai kai nata ba. In kuwa akwai wata a gida, wannan ta sha'awa ce, to sha'awa halal ce ga wanda ya yi gumi ya samu, kuma ni kaina ina ganin tana cikin mafi kyawun motocin da Peugeot ta taɓa sa wa suna.

Ka koma wurin dillalin da bakanikenka, ku karanta lambar casis tare. In lambar da farantin sun gaskata shi, bodi da fitilu da gilasai kuma lafiya lau, ka taya ta a farashin lafiyayyar 406 mai ƙofa biyu, ka ɗan ƙara abin da ba zai taɓa jarin nomanka na baɗi ba. In lambar ta ƙaryata shi, kada ka tsaya neman ragi, ka nemi wata motar a hannun wani mutumin. Allah Ya sa ka dace, Ya kuma tsare hanya.