DARASI NA TARA: TSARKI DA KIYAYE RAI A LOKACIN HUNTURU

Ya kai ɗan'uwa Musulmi, ka sani daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan taso daga Sahara, ta lulluɓe Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda da hazo, har ruwan randa ya gagari hannu da asuba. To, sanyi ba ya sarayar da salla, amma Shari'a ba ta ce ka halaka kanka ba.

Na farko: ɗumama ruwa don alwala ko wankan janaba ya halatta. Wanda ya rasa abin ɗumamawa, kuma ya ji tsoron cuta, sai ya yi taimama. Hujja ita ce Amru ɗan Asi ya yi haka a yaƙin Zatus Salasil, shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (S.A.W.) bai zarge shi ba. Amma fa ƙyuya ba uzuri ba ce.

Na biyu: kada ka kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari, wadda ke ɗauke mutum cikin barci. In an gama jin ɗumi a fitar da shi, a kashe wuta nesa da zana da rumbu. Sakaci ba tawakkali ba ne.

Na uku: almajirai da waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu suna kwana ba mayafi. Wallahi bargon da ke ajiye cikin adakarka, za a tambaye ka kansa.

Allah Ya sa mu dace, amin.